Lambobin Mai Alli

Shekara talatin Mai Alli yana ɗinki, jitarsa a rataye bayan keken ɗinki. Duk Asabar da la'asar yakan rufe shago ya tafi garejin ƙanin matarsa, mai fiyano, inda su biyar suke kiɗan jaz. A wannan kiɗa kowa ana ba shi fili ya ƙirƙiri nasa nan take, sauran suna riƙe masa da jerin sautukan da makaɗa ke kira kod. To a nan Mai Alli yake ɓacewa. Zai tashi da kyau, amma sai kowa ya kai ƙarshe sannan ya iso.

Da aka gayyace su wasa a lambun unguwa, mai fiyano ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa masa cewa in ya sake ɓata a gaban jama'a, za a ba mai ƙaho filinsa.

Mai Alli bai yi musu ba. Ya share teburin yanka, ya ɗauki alli, ya daina rubuta kod da haruffa. Wanda waƙa take hutawa a kansa ya sa masa ɗaya, ya kira shi gida, sauran ya ba su lamba gwargwadon nisansu. Sai ya ga ashe rabin waƙoƙin nan jerinsu guda ne: biyu, biyar, ɗaya. Yanka iri guda, awo ne kawai ya bambanta. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya auna mutum da irin wannan natsuwa ba.

Ranar wasa mawaƙiyarsu ta zo da mura, ta roƙi a sauke mata sautin waƙar kaɗan don muryarta ta kai. Mai ƙaho ya dubi takardarsa mai haruffa, ido ya raina fata, don duk haruffan sai sun canja. Mai Alli kuwa ya matsar da yatsunsa gaɓa biyu a wuyan jita, lambobinsa na nan yadda suke. Ya zaga, ya yi kwana, ya sauka kan ɗaya daidai da bugun ganga.

Mai fiyano ya leƙo yana dariya. "Yaya, yau ka riga mu isowa."

"Na jira ku ma," in ji Mai Alli.

Asabar ta gaba mai ƙaho ya zo shago da wando a leda, wai a rage masa tsawo. Har aka gama bai bar gaban teburin ba, yana ta nazarin lambobin alli.