Yoyon Ɗakin Kawu Tanko

Duk wanda ya zauna Gumel a shekarun nan ya san muryar Kawu Tanko magini, ƙanin mahaifiyata. Ba ya taka tsani sai ya kurma ihu: "Mata a shige ɗaki, namiji zai hau soro!" Ko kango ne a bayan gari, sai ya yi. Ran nan na ce, "Kawu, nan fa ba kowa sai awaki." Ya ce, "To, su ba mata ba ne?"

Tsanin nasa kuwa, kai! Duk ɗaurin igiya ne. In an ce ya sake, sai ya ce, "Wannan na san matakinsa mai yaudara. Sabo fa?"

Da kwanon rufi ya fara shigowa, wani attajirin Maigatari ya kira mu. Kawu ya ƙwanƙwasa kwanon, ya taɓe baki, ya ce, "Ni ba na hawa faranti." Ni sarkin rawar kai na karɓi aikin. Na hau da sanyin safiya yadda muka saba hawa soro, ashe raɓa santsi take sa wa kwano. Sai ga ni a ƙasa, cinya a karye.

Damina ta same ni kwance, ba gini ba noma, ga mata ga 'ya'ya. Wallahi yunwarsu ta fi karayar tsorata ni. Kawu kuma ya san ba zan karɓi sadaka ba. Kwatsam sai ga shi da jaki ɗauke da gero, fuska a murtuke.

"Ɗakin hatsina yoyo yake. Ku cinye kafin ya ruɓe."

Haka ya riƙa kawowa har kaka. Magana ta bazu gari, wai ɗakin Kawu na yoyo. Mutumin da bai taɓa yabon yaɓen kowa ba! Ko'ina ya gilma sai tsiya: "Kawu, a turo maka magini?" Ya haɗiye, ya ci gaba da kawo geronsa.

Da na fara dogara sanda, na lallaɓa in duba masa rufin. Ko alamar ɗigo babu, ɗaki a bushe ƙayau. Na juyo idona cike da hawaye, sai ya daka mini tsawa: "Wa ya aike ka? Ka faɗa wa wani, in karya ɗaya cinyar!"

Yau na faɗa, Kawu. Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana, Ya haskaka kabarinka.