Kawu Jatau da Ayoyinsa Biyu

Ku da kuka san Kawu Jatau mai bishara, kun san ba ya yi wa mutum magana sai ya lashi yatsa ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Alama biyu ya sa a ciki: gashin zabo a inda aka ce amsa mai taushi tana kashe fushi, da ƙayar aduwa a inda Yesu ya kira mutane 'ya'yan macizai. Ni Bawa, ɗan ƙanwarsa, shekara talatin ina yi masa noma a bayan duwatsun Roni, ƙayar kaɗai na sani. Yau kowa sai faɗi yake, "Allah sarki, mutum mai sanyin baki!" To, ku kuka sha sanyin.

Zamanin En'e ne, an hana mu wa'azi a kasuwa. Kawu ya tsaya gindin tsamiya ya fara abinsa, wani dogari ya zo ya sharara masa mari, hula ta yi gefe. Kawu ya ɗauka ya kakkaɓe.

"Sannu da aiki, yallaɓai. Hannun dai bai yi zafi ba ko?"

Dogari ya juya ya tafi. Muna isa gida Kawu ya ga na ɗaure jaki a turken akuya.

"Kai ɗan maciji! Makahon jagora!"

A kan jaki fa, jama'a!

Wata kaka shanun Buba, Bafulatanin da ke rugar kusa da mu, suka yini a dawarsa. Da Buba ya biyo sawunsu, na ɗauko sanda. Kawu ya ce in ajiye in kawo wa baƙo ruwa.

"Kada ka damu, Buba, saniya ba ta yi makaranta ba."

Mako bai zagayo ba akuyata ta ci ganyen kabewarsa uku. Ran Lahadi a majami'a ni ne wa'azin, tun daga waƙar farko har addu'ar tashi. Matata sai da ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aji uku na yi a makarantar mishan, amma na iya haɗa baƙi. Ranar na tare shi.

"Kawu, wai Littafin nan baki biyu gare shi? Nan ya ce a yi magana da taushi, can manzo Bulus yana ce wa mutane marasa hankali. Wanne za mu bi?"

"Duka."

"Duka ta yaya?"

"Da Yesu ya ɗauki bulala, a ina ya ɗauka? A gidan Ubansa. Gaban gwamna Bilatus ko murya bai ɗaga ba. Baƙo ake lallashi, sakarai. Na gida gyara shi ake yi."

"To don Allah a mai da ni baƙo, ko na yini ɗaya."

"Tashi ka ba ni wuri, ciyawa na jiranka."

Allah ya sani na gaji. Sau biyu ina ɗaure kayana zan koma Babura wurin dangin matata, sau biyu ina kwancewa. Kalma ɗaya mai daɗi nake jira daga bakin mutumin nan, ita ke nan.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni ke juya shi, ni ke ba shi koko. Wata safiya ya dube ni, ya ce a hankali, "Sannu da ɗawainiya, malam. Na gode ƙwarai, Allah ya saka."

Ga abin da na daɗe ina jira ya zo, amma sai gabana ya faɗi. Muryar da yake yi wa baƙi ce. Na ajiye ludayi.

"Kawu, me na yi maka? Ni ne fa, Bawa."

Ya ƙura mini ido, ya daɗe.

"Bawa? To me ka tsaya yi da baki buɗe? Kokon nan tsararo ne, ragon banza!"

Sai na ji hankalina ya kwanta. Na ci gaba da ba shi, ina share ido da hannun riga. Kafin rana ta yi tsaka ya cika.

Ubangiji Yesu, ga bawanka Jatau nan ya iso. Ka yi masa karɓar ɗan gida, ko da za ka ɗan yi masa faɗa. Ka ba shi hutawa. Amin.