Gogen da Ya Je Yamai

Mahaifina goge ne sana'arsa, ban da shi bai iya komai ba. Gonarmu ta Matankari ma, don kunya kawai gero yake fitowa a cikinta. Shi ke yi wa 'yan bori kiɗa, kowane iska da taken da ake kiransa da shi. Mahaifiyata kuwa akwai wata doguwa da ke hawanta tun kafin a haife ni.

Bayan an samu mulkin kai, aka zo daga Dogon Dutsi aka ɗauke shi cikin makaɗan gwamnati. Aka ɗinka musu riguna iri ɗaya, ana kai su Dosso da Yamai suna wasa gaban manya. Sharaɗi guda aka kafa masa: kada iska ya hau kowa a gaban baƙi. Sai ya yi dabara. Duk taken da ya ɗauko, in ya kai daidai gaɓar da iskan ke saukowa, sai ya karkatar da yatsa ya wuce. Na kan kujeru ba su san bambanci ba, tafi kawai suke yi. Ya yi shekaru a haka.

Da ciwo ya kwantar da mahaifiyata, magani ya ƙi ci, aka ce sai an kira doguwarta ta faɗi abin da take so. Aka aika, Baba ya dawo. Da la'asar aka yi shimfiɗa a tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya suka zauna bayansa, ya goga wa izgar gogensa ƙaro ya fara. Kan mahaifiyata yana bisa cinyata, idonta a rufe. Da ya kai gaɓar, na ji yatsan ya kauce da kansa. Ya koma farko, ya sake kaucewa.

Wani tsoho cikin masu ƙwaryar ya ce, "Sarkin goge, ka wuce wurin. Koma baya kaɗan."

"Na sani," in ji Baba. "Hannun na, ba shi zuwa."

Ya yi ta yi har rana ta kusa faɗuwa, doguwa ba ta zo ba. Ni dai ban ji komai ba, ko haushi ban ji ba. Ƙudaje nake ta kora mata daga fuska.

Da kiɗan ya tsaya, ta lalubo hannuna, ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Wanga mai goge ya yi ƙoƙari. Ku sallame shi ya tahi, mu jira babanku."