Fayil ɗin da Dorsaf Ta Shafe

Aikin Dorsaf a ɗakin gwajin man zaitun na Sfax shi ne rubuta ɗan shirin kwamfuta mai karanta fayil ɗin awo, ya zuba sakamako a wani fayil.

Wata rana ta ba fayilolin biyu suna ɗaya. Awon mako guda ya ɓace.

Shugabanta Si Moncef ya ce, "'Yata, kuka za ki yi, ko in kawo shayi?"

"Ko ɗaya. So nake in san yaushe ya shafe."

Sau huɗu ta maimaita kuskuren da gangan kafin ta gano: da an buɗe fayil don rubutu, abin da ke ciki ya tafi, tun ba a karanta ba.

Har yau, duk sabon ma'aikaci sai ta sa ya shafe fayil da hannunsa ranar farko, don ya gane yadda hakan ke faruwa.