Ɗakin Irin da Malam Mannir Ya Gina

Ina tsakiyar tankaɗe irin gero a wurin aiki wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malam Mannir ne daga Kusada, ya ce, "Hajiya Binta, Malam ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye faifan, na dafa bangon da ke gefena, domin shi ya gina shi.

Malam Mannir mai zanen gine-gine ne. Shi aka ba aikin ɗakin ajiyar iri na cibiyarmu ta binciken tsirrai da ke wajen Kankia, ni kuma ni ce mai kula da irin: tsofaffin gero, dawa da wake da muka bi manoman Rimaye da Tafashiya muka roƙo, waɗanda wasunsu ba su saura a gonar kowa ba.

Ya ƙi bulo, ya ƙi gilashi. Da jar ƙasar wurin ya ɗaga bango mai kauri, aka shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, ya bar tagogi ƙanana can sama don zafi ya fita. Wani gawo da aka so sarewa ya hana, ya juya ginin har itacen ya koma yamma da shi. Ya ce mini, "Binta, gawo da rani yake ganye. Lokacin da bangonki ke neman inuwa, lokacin yake da ita." Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga ɗakin sai ka ji sanyi kamar na randa. Ya sha faɗin cewa, "Ba zan ba wutar lantarkin da ba ta zuwa amanar iri ba."

Yana kwance asibiti aka ce manyan baƙi za su zo. Wai ginin ƙasa abin kunya ne, wai kamar rumbun ƙauye. Aka lafta wa bangon siminti da fenti, aka toshe tagogin, aka rataya na'urar sanyaya ɗaki. Na yi magana, shugabanmu ya ce, "Hajiya, ki tsaya kan irinki." To ai kan irina na tsaya! Damina ta zo, danshi ya rasa hanyar fita, wuta kuwa babu. Waken Tafashiya ya yi fumfuna a hannuna. Da na je duba Malam ya tambaye ni ɗakin, na ce lafiya lau, na fito ina hawaye.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar zaman makoki. Waɗanda suka toshe tagogin su ne a sahun gaba suna yabonsa. Har aka sanar cewa tun da ginin ƙasa ya gaza, za a rushe shi a yi na zamani, a sa mishi sunan Malam. Haba jama'a! Ku ji tsoron Allah. Ginin bai gaza ba, shaƙe shi kuka yi. In karramawa kuke so, ku kankare simintin, ku buɗe tagogin, sauran irin yana da rai.

Allah ya jiƙan Malam Mannir, ya yafe kurakuransa, ya ba matarsa Hajiya Rabi da yaransa haƙuri da mai tsaya musu. Ya Allah, yadda ya nema wa ƙwayar gero sanyi, ka sanyaya mishi kabarinsa. Amin.