Rawanin Soron Babana

Ƙasa ce ta faɗo a kumatun jaririyata, 'yar mitsitsiya, na sa yatsa na share sai na ji ta jiƙe. A lokacin ko yayyafi ba a yi, rana ma ta fito. Na ɗaga kai. A kusurwar da azara ta shiga bango akwai wani baƙin tabo mai faɗin faifai, wanda jiya babu shi.

Haihuwar fari ce, an dawo da ni gidanmu a Zuru wankan jego, aka ajiye ni a soron Baba. Gwaggo, yayar Baba, ita ke yi mini wanka, ita kuma ke tsare ƙofa.

"Gwaggo, rufin nan yana shan ruwa."

"Ke dai sha kununki. Mai jego da ido a sama, mi kike nema?"

Na san inda ruwan yake shiga. Shekarar da na dawo daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato, nakan hau saman soron da yamma in yi karatu. Masu wucewa kasuwa suka fara ɗaga kai, magana ta kai kunnen Baba. Bai ce mini komai ba, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ya kama. Magini kawai ya kira, aka ƙara wa rawanin soron tsawo, wato katangar da ta kewaye rufin, har ta kai kafaɗa. Kafin a shafe kanta da makuba mai hana ruwa shiga, Di'o, Baturen mulki, ya sa aka kwashe maginan garin zuwa aikin bariki. Damina ta samu katangar tsirara, wata ma ta sake samunta. Ruwa ya riƙa shiga ta ka, ta tsage, ƙasarta ta zubo ta toshe indararo. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin sai ya kwanta a can kamar tafki, mu kuma muna ƙarƙashi.

Washegari tabon ya kai faɗin tabarma. Na roƙi Gwaggo ta mayar da mu ɗakin ciyawa na bayan gida.

"In fitar da ɗanyen jiki cikin damina? Sanyi ya kama ki, dangin mijinki su ce mun kashe musu mata? Ba a taɓa yi ba gidan ga."

Na ce to a kira Baba ya gani da idonsa. Ya zo, ya tsaya bakin ƙofa ya ba ɗakin baya. Uba ba ya shiga ɗakin jegon 'yarsa ta fari. Da Gwaggo yake magana kamar ba na nan.

"Mi yarinyar ga ke cewa?"

"Wai soro za ya faɗi."

"Boko ne," in ji shi. "Ki gaya mata soron ga ya girme ta."

Taku ɗaya ne tsakaninsa da tabon. Na riƙe 'yata ina kallon bayan rigarsa har ya fita.

Da azahar hadari ya taso daga wajen Dabai. Ruwa ya sauko, ni kuwa kunnena yana kan indararo, ban ji zubarsa ba. Abin da na ji shi ne ƙarar azara, ƙas, ta yi shiru, ƙas. Na tashi da jaririyar na nufi ƙofa, Gwaggo ta tare ni da hannu biyu tana salati. Muna cikin haka wani ƙullutun laka ya ɓalle ya faɗo kan gadon da na tashi daga kai, ya fasa ƙwaryar kunun kanwa. Daidai inda nake kwantar da kan yarinyar.

Duk da haka ba a fitar da ni ba. An matsar da ni lungun ƙofa, aka lulluɓe mu da bargo. Baba da kansa ya hau tudun bariki cikin ruwa, ya yi ta roƙon helman, shugaban ma'aikatan bariki, har aka ba shi aron tsohon maginin na yini guda.

Da safe maginin ya zo. Ya fara tokare azarar da gwafa biyu, sannan ya hau tsani ya zura dagi a indararon. Ruwan ya yi ta kwarara a titi, jajawur. Ya rushe ƙarin da aka yi wa rawanin, ya buɗe tsagar har inda ƙasa ta bushe, ya cusa sabon kwaɓi yana dannawa. Matan maƙwabta suka daka ɓawon ɗorawa aka jiƙa makuba, ya shafe kan katangar ya karkatar da shi yadda ruwa zai gangara. Duk bugu ɗaya, ƙura na zubo mini a bargo, ina ƙanƙame yarinyar har ta yi kuka.

Daga lungun na ji Baba yana tambayarsa yaushe zai dawo ya mayar da rawanin tsawonsa.

Bayan la'asar Gwaggo ta shigo da sabuwar ƙwarya.

"An gama. Magini ya ce ba abin da za ya same ku. Koma gado."

Na ce to. Amma na ci gaba da zama a lungun ina kallon gwafar.