Malamin da ya ga gurbina a cikin ɗari shida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairun 2025, Baba ya kira ni daga Matameye, ya ce, "Najaha, Malam Zainulabidin ya cika." An yi jana'izarsa bayan La'asar a Dungu, mahaifarsa.

Malam, na rasa ta inda zan fara gode maka.

Shekarar da na shiga jami'a, mu 'yan ajin farko na sashen labarin ƙasa mun haura ɗari shida, malaman dindindin kuwa uku ne rak. Wanda bai yi sammako ba, ta taga zai sha karatu. Sauran darussa sai 'yan bakatar irinka, masu koyarwa a biya su awa-awa, da kuma waɗanda ake aro daga Yamai su yi sati biyu su ɗura mana karatun shekara su tafi. Waɗannan na aron su ake ce wa misiyoner da Faransanci, wato malaman da aka turo aiki.

Kalmar nan ta kusa raba ni da karatu. Na zo gida hutun ƙarshen sati, na tarar Baba, Alhaji Lawwali, ya leƙo daga cirani a Kano. Ya tambaye ni karatu, ni kuma da bakina mai kama da rariya na ce, "Lafiya lau, wannan watan misiyoner ne ke koyar da mu." Wayyo! Baba ya ajiye kofin shayi. Shi dai 'yan mishan ya ji. Na yi bayani, Inna ta sa baki, ina! Ya ce bai yi rani yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau don a sauya wa 'yarsa alƙibla ba, kuma na bar jami'a ke nan. Jarrabawa na matsowa, ni ina gida ina kuka.

Har yau ina mamakin yadda ka gane ba na nan. A cikin wannan taro wa ya san wani? Amma kai da sunan gari kake kiranmu: ɗan Tsauni, 'yar Dawce, 'yar Matameye. Ka jefa wa 'yar Matameye tambaya, ka ji shiru. Ranar Juma'a sai ga ka a ƙofar gidanmu a kan tsohon babur ɗinka mai tari.

Ina bayan ƙyaure ina jinku. Ka bar Baba ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ka ce, "Alhaji, misiyoner ɗin nan shi ke ja mana sallar Azahar. Hajjinsa biyu." Sai Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ba ka bar zancen a nan ba. Ka ce, "Da muna da malamai isassu, da ba mu yi aro ba. Uku ne a kan ɗari shida. In ka riƙe wannan a gida, ina za mu samo ta huɗu?"

Washegari Baba da kansa ya raka ni tasha. Tun daga ranar ba ya kiranka sai Malam Misiyoner, kai kuma ka amsa da, "Na'am, Alhaji mai tsaron alƙibla."

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke ci mini rai. Ka ƙare rayuwarka kana ɗan bakatar. Hidimar iyali ta hana ka ƙarasa digirin dokta, ga shi sai da shi ake ɗaukar na dindindin. Waɗanda ka koyar suka zo suka wuce ka, ciki har da ni, amma ko sau ɗaya ban ga fuskarka ta sauya ba. Ranar da aka ɗauke ni bara, kai ka riga kowa zuwa gidanmu, kana ce wa Baba, "To Alhaji, ga ta huɗun."

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Mai ɗakinsa Hajiya Fadima, da 'ya'yansa Mansur da Sadiyya, da dukan mutanen Dungu, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Ajinka ni aka ba wa. Sun fi mu yawa, Malam, har bakin taga. Na soma kiransu da sunan garuruwansu, kuma tun satin jiya 'yar Tsauni ba ta amsa ba. Ranar Juma'a, in Allah ya yarda, zan je gidansu.